Kafin Mu Ɗora wa Rana Laifin Fashewar Taya da Tukunyar Gas

Idan bazara ta kankama, daga tsakiyar watan Maris har zuwa saukar ruwan fari, ma'aunin zafi a Sakkwato da Maiduguri da Yamai da Damagaram yakan haura digiri 40, kwalta ta yi laushi, ƙarfe ya gagari taɓawa. A wannan lokaci duk tayar da ta fashe a hanya, duk tukunyar gas da ta yi bindiga, bayani ɗaya ake bayarwa: rana ce. Direban da ya taso daga Kano da hantsi, in ya isa Zariya sai ya faka wajen mai faci ya ce a rage masa iska, wai titi ya yi zafi. Uwargida ta jiƙa tsumma ta lulluɓe tukunyar gas ɗinta, alhali ba ta taɓa tambayar kilo nawa aka ɗura mata ba. Akwai gaskiya a zargin da ake yi wa rana, amma rabin gaskiya ce, kuma rabin gaskiyar nan ita ke sa mutane yin abin da ke ƙara haɗarin da suke gudu. Ra'ayina shi ne, yadda zafi ke aiki a kan iskar da aka kulle ilimi ne na masu faci da masu ɗura gas da direbobi da matan gida kafin ya zama na masu zana jarrabawa, kuma mun yi kuskure da muka bar shi a allon aji cikin harshen da yawancinsu ba sa ji.

Abin da ke cikin taya ba abu ne mai zaune wuri ɗaya ba. Iska taron ƙwayoyi ce ƙanana waɗanda ido ba ya gani, kuma ba sa hutawa. A zafin ɗaki, ƙwayar iskar da muke shaƙa tana gudun kusan mita 500 a daƙiƙa guda, wato ta fi sauti sauri, sai dai ba ta yin nisa take karo da 'yar'uwarta ta sauya hanya. Idan aka kulle su a taya ko tukunya, sai su yi ta dukan bangon ta ciki, duka biliyoyi a kowace ƙiftawar ido. Jimillar wannan duka ita ce matsin da gejin mai faci yake nunawa. Shi kuwa zafi, a wajen iska, ma'auni ne na ƙarfin motsin waɗannan ƙwayoyi. In aka ɗumama su sai gudunsu ya ƙaru, su riƙa isa bango akai-akai fiye da dā, kowane duka kuma ya fi na baya nauyi. Ba a ƙara ko ƙwaya ɗaya ba, amma matsi ya hau. Wanda ya taɓa ganin tumaki a ɗan ƙaramin garke sun firgita ya san yadda danga ke jin jiki, ko da yake yawansu bai canja ba.

Wannan fahimta ba jiya aka same ta ba. Wajen shekarar 1700 wani Bafaranshe, Guillaume Amontons, ya lura cewa matsin iskar da aka kulle yana hawa daidai da hawan zafinta. A 1738 Daniel Bernoulli ya bayyana cewa matsin ya samo asali ne daga dukan ƙwayoyi masu gudu, ra'ayin da aka yi watsi da shi fiye da shekara ɗari kafin su Maxwell da Boltzmann su kafa shi da lissafi. A tsakani, cikin 1848, William Thomson, wanda aka fi sani da Kelvin, ya kawo ma'aunin da ke fara ƙirga daga ƙarshen sanyi, wato digiri 273 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa. Wannan ma'auni shi ne mabuɗin maganar, domin matsin iska da shi yake tafiya, ba da lambar da ake faɗa a labarin yanayi ba. Mutum zai ɗauka cewa daga digiri 20 zuwa 40 zafi ya ninka, don haka matsi ma ya ninka. Ba haka ba ne. A ma'aunin Kelvin tashin daga 293 ne zuwa 313, ƙarin da bai kai kashi 7 cikin 100 ba.

A gwada lissafin a kan tayar ƙaramar mota. A ce da safe, zafi yana digiri 27, geji ya nuna 32. Bayan tafiyar awa biyu a kan kwalta da tsakar rana, iskar cikin tayar ta kai digiri 57. A ma'aunin Kelvin daga 300 ke nan zuwa 330, ƙarin kashi 10 cikin 100. In aka haɗa da matsin iskar sarari da geji ba ya ƙirgawa, allurar za ta tsaya wajen 36 ko 37. Wannan ƙarin huɗu ko biyar masu ƙera taya sun san da shi, da shi suka yi lissafinsu, shi ya sa lambar da ke rubuce a jikin ƙofar direba ko a littafin mota ta taya mai sanyi ce. Lafiyayyar taya ba ta fashewa saboda wannan. Wadda ke fashewa ita ce mai ƙarancin iska, ko mai ɗauke da kayan da suka fi ƙarfinta, ko wadda ta tsufa robarta ta tsattsage. Taya mai ƙarancin iska takan baje a ƙasa, gefenta ya riƙa lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, kamar yadda ake lanƙwasa waya har ta yi zafi ta karye. Zafin da wannan murza ke haifarwa a cikin roba ya fi na rana illa, shi ke raba roba da zaren da ke riƙe da ita. To direban nan da ya sa aka rage masa iska a Zariya, tayar da take daidai ya mayar mai ƙarancin iska, ya kuma hau titi da ita cikin garjin rana. In ta fashe kafin Kaduna, zai ce dama ya faɗa, rana ce.

Tukunyar gas ɗin girki labarinta daban ne, kuma a nan ne ya kamata a daɗe ana kallo. Abin da ke cikinta ruwa ne, kowa ya girgiza ta ya ji motsinsa. Cakuda ce ta butan da furofan, waɗanda aka matsa har suka zama ruwa, da ɗan sarari a sama inda tururinsu ke taruwa. Tururin ne ke fita ta tiyo zuwa murhu, lita ɗaya ta ruwan kuma tana ba da lita kusan 250 ta iska. A irin wannan tukunya zafi aiki biyu yake yi. Yana ƙara wa ƙwayoyin tururin gudu, sannan yana tsinko ƙarin ƙwayoyi daga cikin ruwan yana cusa su a sararin sama. Saboda haka hawan matsin ya fi na taya nesa ba kusa ba. Furofan zalla a digiri 20 matsinsa ya kai ninki takwas na iskar sarari, a digiri 50 kuwa ya kai ninki goma sha bakwai. Butan ya fi sauƙi, daga ninki biyu zuwa kusan biyar, amma shi ma ya ninka. Ƙarin zafin da ya ba taya kashi 10 cikin 100 ya ba tukunyar gas ninki guda cur. Duk da haka, tukunya mai inganci an gwada ta da matsin da ya wuce wannan, kuma ranar Afirilu ita kaɗai ba ta isa ta tsaga ta ba.

Abin da ke mayar da rana makami shi ne cika tukunya fal. Ruwan gas yana kumbura da zafi fiye da ruwan sha sau goma ko fiye. Furofan daga digiri 20 zuwa 50 yakan ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin goma. Dalilin da ya sa ƙa'ida ta ce a tsaya a kashi 80 zuwa 85 cikin 100 ke nan, a bar sauran ya zama wurin numfashi. Tururi yana matsuwa, yana ba da wuri. Ruwa ba ya matsuwa. In aka ɗura har wuya da sanyin safiya, rana ta ɗaga, ruwan ya kumbura ya cinye sararin, daga nan ƙarin digiri kaɗan ya isa ya kai matsin inda ƙarfe ko walda za su sallama. A ranar 11 ga Yuli, 1978, wata tankar furofilin, ɗan'uwan gas ɗin girki, ta tsage kusa da sansanin masu yawon shaƙatawa na Los Alfaques a gabar tekun Sifaniya. An ɗura mata kusan tan 23 alhali iyakarta tan 19 da ɗoriya, ba ta da bawul ɗin da ke sakin matsi in ya yi yawa, ta kuma yi sa'o'i tana tafiya cikin zafin rani. Mutum fiye da 200 suka mutu. Rana ta fito a kan sauran tankokin da ke bin hanyoyin Sifaniya a wannan yini, amma wadda aka cika fiye da ƙima ce ta tsage.

Za a iya cewa a kasuwanninmu kukan da ake yi na tauye mudu ne, ba na cikawa fal ba: ka biya kuɗin kilo shida a ba ka biyar. Haka ne, kuma maganin cutar biyu ɗaya ne, wato sikeli. Kowace tukunya ta ƙwarai an buga nauyinta na wofi a jikinta, da adadin da aka yi ta domin ta ɗauka, kilo 3 ko 6 ko 12.5. A ɗora ta a sikeli kafin ɗuri da bayansa, magana ta ƙare. Inda matsala take shi ne ƙananan shagunan da ke juye gas daga babbar tukunya zuwa ƙarama a cikin unguwa, wani lokaci babu sikeli, sai dai a ɗaga a ji nauyi, ko a bari sai ƙarar shigar ta tsaya. Mai saye kuma, saboda ya sha cuta a baya, yakan tsaya a kai yana cewa a ƙara, a cika masa ita taf. Yana ganin ya ci riba. Daga nan a jefa ta but ɗin mota, ko a ɗaure ta bayan babur, a tsaya kasuwa sayen cefane. Motar da aka rufe aka bari a rana cikinta kan wuce digiri 60. Mai sayen da ya san dalilin sararin da ake bari, da bakinsa zai ce a dakata.

In rana ba ta isa ta fasa lafiyayyar tukunya ba, wuta ta isa. Harshen wuta in ya daɗe yana lasar ƙarfe, matsi na hawa daga ciki, ƙarfen kuma yana yin laushi daga waje, musamman ta saman da ruwa bai taɓa ba. In ya tsage, ruwan da ke ciki yakan tafasa gaba ɗaya a lokaci guda. A watan Afirilun 1997 gobarar da ta tashi a tantunan alhazai a Mina, wadda aka danganta da tukwanen gas na girki, ta kashe fiye da mutum 300, bayanta ne Saudiyya ta koma tantunan da ba sa cin wuta. A gidajenmu ƙananan nau'o'in wannan haɗari suna nan kullum. Akwai 'yar tukunyar nan mai murhu a bisa kanta, wadda ake ɗora wa faffaɗar tukunyar tuwon biki, gindin ya mayar da zafin ƙasa kan bawul da robarsa. Akwai ajiye tukunyar gas dab da murhun gawayi. Akwai kuma dabarar da wasu ke yi in gas ya kusa ƙarewa ko wuta ta yi rauni, su tsoma tukunyar a ruwan zafi ko su matsar da ita kusa da wuta. Dabarar tana aiki, kuma dalilin aikinta shi ne dalilin haɗarinta. Gwangwanin maganin sauro da na turaren feshi ma haka suke; gargaɗin digiri 50 da ke jikinsu ba ado ba ne, kuma gwangwanin da ake cewa ya ƙare yana da sauran iska a ciki ranar da aka watsa shi cikin bola aka cinna wuta.

Duk wannan ana koyar da tushensa a makarantun sakandare. Ɗalibi yakan haddace dokar Boyle da ta Charles da ta matsi, ya zuba lambobi a gurbinsu, ya ci jarrabawa, ya dawo gida ya wuce tukunyar gas a tsakar gida cikin rana bai ga alaƙa ba. Wanda ke ɗura gas ɗin kuwa, da mai facin, da yawa a wajen maigida suka koyi sana'a, kuma abin da maigida bai sani ba yaro ba zai gada ba. Masu ganin cewa kimiyya ta yi wa Hausa nauyi su duba abin da ake bukata a nan: iska, zafi, gudu, duka, matsi, tururi, kumbura. Babu kalma ɗaya da za a je aro. Gwajin ma ba ya bukatar ɗakin bincike. A ɗaura balan-balan a bakin kwalbar da ba komai a cikinta, a tsoma gindinta a ruwan zafi, balan-balan ya miƙe. A mayar da ita ruwan sanyi, ya kwanta. A rufe gorar robar da ba komai a cikinta da tsakar rana a sa ta a firji, a fito da ita ta lotse. Minti goma na irin wannan a taron ƙungiyar masu faci, ko a tashar mota, ko a shirin mata na rediyo, ya fi takardar gargaɗi dubu mai cewa a yi hattara ba tare da faɗin dalili ba. Mutum yakan manta umarni, ko ya karya shi in ya ga ya saɓa wa hankalinsa, kuma cewa kada a rage wa taya mai zafi iska ya saɓa wa hankalin duk wanda ba a nuna masa dalili ba.

Hujja mafi ƙarfi ta masu sukar wannan ra'ayi nawa ita ce, yawancin gobarar gas yoyo ne ke jawo ta, ba hawan matsi ba, kuma yoyo maganinsa doka da sa ido. Na yarda da rabin farko. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaye ƙasa yake kwanciya, ya bi kwata ya taru a lungu, kuma kashi 2 zuwa 10 cikin 100 a cikin iska ya isa ya kama da tartsatsi ɗaya. Warin da ake ji ma sanya masa aka yi don hanci ya gane. Fashewar da ta auku a wani shagon gas a Sabon Tasha, Kaduna, a watan Janairun 2020, wadda ta yi sanadin rasuwar Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta Najeriya a lokacin, ta nuna cewa ilimin mutum ɗaya ba ya kare shi daga shagon da aka kafa inda bai dace ba. Dole hukumomi su yi aikinsu: lasisi, nisanta wurin ɗuri da gidaje, janye tsofaffin tukwane masu tsatsa. Amma yoyo da zafi ba baƙin juna ba ne. Tsagar da ke jikin tsohuwar robar bawul, matsi ne ke tura gas ta cikinta, in matsi ya ninka abin da ke fita ya ƙaru. Kuma babu hukumar da ke da ma'aikatan da za su tsaya a kowane kicin da kowace rumfar faci. Jami'i yakan zo sau ɗaya a shekara in ya zo. Mai shago da mai saye su ke nan kullum.

Wasu kuma na tsoron kada irin wannan magana ta firgita mata su koma itace da gawayi, a daidai lokacin da dazuzzuka ke ƙarewa, hayaƙi kuma ke cin idanu da ƙirjin masu girki. Tsoron yana da tushe, amma ni ina ganin jahilci ne ya fi korar mutane daga gas. Matar da aka gaya wa cewa tukunya bam ce da ke iya tashi kowane lokaci, ko dai ta ƙi ta gaba ɗaya, ko ta saba da ita har ta daina kula. Wadda ta san cewa tukunyar da aka auna, aka tsayar a inuwa inda iska ke ratsawa, nesa da wuta, ba ta da dalilin fashewa, ita ce za ta yi girki hankali kwance. Batun ƙaddara kuwa, babu mai musun ta, amma malamanmu ba su taɓa cewa riƙo da sababi ya saɓa wa tawakkali ba, kuma ɗora tukunya a sikeli sababi ne.

Lokaci ma ba ya jiranmu. Gwamnatin tarayyar Najeriya ta ayyana shekarun 2021 zuwa 2030 a matsayin shekarun gas, kuma tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ake ta mayar da motoci da adaidaita sahu masu amfani da gas ɗin da ake kira CNG. Shi wannan ba ruwa ba ne, iska ce zalla da ake matsawa har kusan ninki 200 na iskar sarari, don haka kamar taya yake: ƙarin digiri 30, ƙarin aƙalla kashi ɗaya cikin goma. Sai dai kashi ɗaya cikin goma na 200 ashirin ne, wato ƙarin kaɗai ya fi dukan matsin da ke cikin tukunyar girki a rana mafi zafi. Tukwanen da aka ƙera domin wannan aiki suna ɗauka. Wadda aka haɗa da walda a bayan gareji ba ta ɗauka, kamar yadda aka gani a birnin Benin cikin Oktoban 2024, inda tukunyar wata mota ta tarwatse a wurin ɗuri, hukumomi suka ce ba ta ƙa'ida ba ce. Makanikan da za su riƙa ɗaura waɗannan tukwane a ƙarƙashin kujerun fasinja a Kano da Kaduna da Gusau yanzu haka suna garejin iyayen gidansu suna koyon aiki, kuma a can ya kamata kwalbar nan da balan-balan ta same su.